Sauke Tukunya

Bi Mwanaidi ba ta taɓa cewa Shomari mutumin banza ne ba. Cewa ta yi makaɗi ne, kuma a bakinta wannan ya fi wancan muni.

"Amma Bibi, ko sau ɗaya ba ki zauna da shi ba," in ji jikarta Tunu, tana durƙushe a gefen tabarma, idanunta sun yi jajur.

"Ita ma kwalara ban taɓa zama da ita ba, amma na san ba na so."

"Yana salla, ba ya shan komai, yana kula da mahaifiyarsa..."

"Makaɗi mijin hanya ne, yarinya. Ke aronsa za a riƙa ba ki. Ranar Juma'a mutanen Hemedi za su zo tambaya, ki wanke fuskarki."

Tunu ta kifa kai a cinyar kakarta ta fashe da kuka. Tsohuwar ta shafa mata kai cikin tausayi, ba ta janye ko harafi ɗaya ba.

Shekarar Tunu ashirin da shida, tana aiki a wani kantin magani kusa da tashar jirgin ƙasa ta Tanga. Da ta ga dama da ta yi gaban kanta. Amma tun tana rarrafe mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta yi aure a Mombasa, Bibi ce ta goya ta a gidan nan na Layi na Sha Biyu a unguwar Ngamiani. Ba za ta iya auren da tsohuwar ba ta sa wa albarka ba, ita kuma tsohuwar ta san da haka sarai.

Waliyyinta shi ne Baffa Mbwana, shugaban wata makarantar sakandare, mutumin da ɗalibai ke jin ƙarar takalminsa su haɗiye dariya. A gaban mahaifiyarsa kuwa, abin da ya iya kawai shi ne, "Haka ne, Mama."

Shi Hemedi ba mugu ba ne. Yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana da mota da tumbin da ya riga shekarunsa zuwa, kuma bai taɓa shigowa gidan hannu sake ba: yau alewa, gobe ƙaton kifi. Laifinsa ɗaya ne. Idan ya fara magana, sai mutum ya tuna bai kwashe shanya ba.

Shomari kuma keke gare shi, da jita.

Kowace Lahadi da yamma yakan yi kiɗa da yaran ƙungiyarsa a bakin teku, inda iyalai ke shan iska. A can Tunu ta fara ganinsa. Yana da wata ɗabi'a da makaɗan yanzu ba su damu da ita ba: kafin ya fara waƙa sai ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Ta Samarin Kwalekwale ce, ku neme su." Ko ya ce, "Wannan ta 'Yan Gishiri ce, ni ɗan koyo ne." Jama'a ba sa ji, sun ƙagu a fara kiɗa.

Tunu ce kaɗai ta ɗauki maganar da gaske, ta nema.

Da farko don ta sami abin yi masa hira ne. Ta bi masu sayar da tsofaffin kaset a kasuwa, ta roƙi direbobi, ta shiga gidajen tsofaffin da ba ta sani ba. Sai abin ya fi ƙarfinta. Ta ji jita biyu suna hira kamar maƙwabta ta kan katanga. Ta ji ƙahoni uku sun tashi lokaci ɗaya, tsigar jikinta ta tashi tare da su. Ta gano Samarin Kwalekwale daga 'Yan Gishiri suka koya, su kuma daga wasu da ko hotonsu bai rage ba. Kowace ƙofa ta tura, sai ta iske wata a bayanta. Mutanen nan kuwa teloli ne, da masu gyaran keke, da leburorin gonakin zaren igiya, a kan titunan da take bi kullum suka yi tafiya, suka tashi daga aiki da gumi a jikinsu suka yi abin da har yau yake sa mace ta tsaya cik a tsakiyar kantin magani, ta manta mai ciwon kai yana jira.

Shomari ta shiga nema, sai ta tarar da gari guda a bayansa.

Waƙar da ta jawo musu bala'i ita ce wadda ta fi kowace karɓuwa. Shomari ya koye ta daga wani kaset da zafi da tsufa suka cinye, na wata ƙungiya mai suna Ngalawa. A tsakiyar kiɗan, kafin ƙaho ya shigo, akwai wata murya da ke ihu, rabinta ya goge. Abin da ake iya ji shi ne, "...idi! ...sauke tukunya!" Kowace ƙungiya ta wancan zamanin tana da kirarinta na zuga masu rawa, don haka Shomari ya ɗauka nasu ke nan, tukunyar ranar Idi ake nufi. Ya riƙa yin ihun yadda ya ji shi.

Matasan Tanga suka ƙarasa aikin. Da ya ce "Idi! Sauke tukunya!" sai su ɗora hannu a ka, su riƙa sauka ƙasa a hankali suna murguɗa ƙugu. Kafin wata ya zagayo rawar ta shiga bukukuwa, yara suna yin ta a ƙofar islamiyya. Wata safiya Bi Mwanaidi ta leƙo ta ga jikokin maƙwabta suna sauke tukunya a kan dakalinta. Ta kore su da tsintsiya, da wani irin fushi da ya fi laifin girma. Daga baya aka gaya mata mai waƙar shi ne mai son jikarta.

Washegarin kukan, Tunu ta sami Shomari a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta bayan kantinsu, ya jingina kekensa.

"Juma'a za su zo," ta ce.

"Na ji. Tunu, zan bar kiɗan. Kawuna yana da shagon kayan gini a Korogwe. Ki gaya mata."

"Ka ce me?"

"Zan sayar da jitar."

"To in ka sayar, wa zan aura? Mai sayar da ƙusa? Ai da Hemedi ya fi, shi ko ba komai yana da mota." Hawaye suka zubo mata. "Kai ka buɗe mini kunne, yanzu ka ce za ka toshe naka saboda ni? Wallahi ban yafe ba."

"To ya kike so in yi? Tsohuwar nan ko gaisuwata ba ta amsawa."

Tunu ta goge fuska, ta buɗe jakarta, ta zaro wani abu a naɗe cikin zane. Faifan garmaho ne, ƙarami, takardar tsakiyarsa ta yi ruwan ƙasa. Babu sunan kowa a jiki, sai na ƙungiya: Ngalawa.

Shomari ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa.

"Ina kika samo wannan?"

"A garin Muheza. Wata tsohuwa ce mijinta yana da gidan rawa a da. Tana rufe tulu da shi."

"Kin ji shi?"

"Da me? Da farce? Ka nemo garmaho. Baffa ya roƙi Bibi ta saurare ka ranar Laraba bayan la'asar. Ta yarda, wai don ta gaya maka a kan idonka. Ka sa mata shi, ta ji waƙar ta girme ka, ta mutanen zamaninta ce, masu mutunci."

"In kuma masu mutuncin sun fi ni iskanci fa?"

"To mun mutu tare."

Garmahon bai samu ba sai ranar Larabar da azahar, daga wajen wani mai gyaran rediyo da ya sa Shomari ya rantse sau biyu. Don haka ya shigo gidan da shi a ka, bai ji faifan ba, yana zufa cikin rigar da ya aro.

Bi Mwanaidi tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, mafici a hannu. Baffa Mbwana yana kan kujera kamar wanda aka kawo shi shari'a. Can gefe shinkafa da madarar kwakwa tana kan kurfoti, kuma tsohuwar ta riga ta sanar cewa ba don baƙo aka ɗora ba.

Shomari ya ajiye kayan, ya durƙusa.

"Shikamoo, Bibi."

A garinmu idan ƙarami ya yi wannan gaisuwar, babba marahaba yake cewa, ko da ɗan maƙiyinsa ne. Kalma ce da ba a rowarta. Bi Mwanaidi ta ci gaba da fifita.

"Kai ne mai tukunya?"

"Ni ne, Bibi."

"Gidanku babu tukunya ne, sai ka sa 'ya'yan mutane su riƙa sauke ta da ƙugu a bainar jama'a?"

Baffa ya yi tari.

"Bibi, rawar ba ni na ƙago ta ba. Waƙar ma ba tawa ba ce."

"Au. Ashe har da sata."

"A'a, Bibi, kullum ina faɗin masu ita. Tsofaffi ne, 'yan garin nan. Ga faifansu na zo da shi ki ji da kunnenki. Ngalawa ake ce musu."

Maficin ya tsaya.

Tunu ta ga fuskar kakarta ta sauya yadda ba ta taɓa gani ba, kamar an ɗaga labule an sake shi da sauri.

"Ɗauki kayanka," in ji tsohuwar. Muryarta ta yi ƙasa. "Ba a gidan nan ba. Mbwana, raka shi."

"Haka ne, Mama," in ji Baffa, ya fara miƙewa.

Tunu ba ta san lokacin da ta isa wajen garmahon ba. Ba ta taɓa saɓa wa kakarta a gaban baƙo ba. Ta ɗora allurar.

Faifan ya yi ƙaraf-ƙaraf kamar gawayi ya kama wuta. Sai jita ta shigo.

Shomari ya runtse ido. Shekaru yana kaɗa waƙar nan, ashe inuwarta yake kaɗawa. Akwai jita ta biyu da kaset ɗinsa ya haɗiye, tana bin ta farko tana ba ta amsa. Akwai tafi. Muryoyi uku ne, ba ɗaya ba. Kamar mutanen suna nan tsakar gidan, a bayan igiyar shanya, samari da sabon aski.

"Na ce a kashe," in ji Bi Mwanaidi, amma ba ta motsa ba.

Kiɗan ya ja baya, ganga kaɗai ta rage. Sai muryar ta zo, tas, ta saurayi mai dariya a maƙogwaro:

"Mwanaidi! Na san kina ji! Sauke tukunya, ta kusa kamawa!"

Aka ji sauran makaɗan sun tuntsire da dariya. Sai ƙaho ya tashi.

Ƙahon ya hau sama a hankali, ya tsaya, ya yi kamar zai faɗo, ya sake hawa, yana lallashi, yana tsokana, kamar mai ƙwanƙwasa taga ya san ana jinsa a ciki. Shomari ya buɗe baki ya kasa rufewa. Tunu ta dafe ƙirji. Har faifan ya ƙare allura tana zagaye a banza, babu wanda ya ɗaga ta.

Maficin yana ƙasa. Hawaye suna bin kumatun Bi Mwanaidi suna ɗiga a zanenta, ita kuma ko ƙiftawa ba ta yi.

"Mama," in ji Baffa Mbwana, muryarsa ba ta shugaban makaranta ba. "Wane ne wannan?"

"Ubanka."

"Ai kin ce tela ne."

"Tela ne. Da rana."

Baffa ya koma ya zauna. Yana cikin zanen goyo mahaifinsa Kombo ya rasu, abin da ya sani game da shi bai wuce hoto ɗaya da keken ɗinki ba. Ya haura hamsin, yau ya fara jin muryar mahaifinsa, kuma abin da ya ji yana yi shi ne tsokanar mahaifiyarsa. Ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu.

"Bibi..." Tunu ta matso.

"Duk ranar da aka sa su a rediyo, sai na ƙona abinci," in ji tsohuwar, tana kallon garmahon. "Zan zauna gaban akwatin in manta da duniya. Ya dawo ya tarar da ƙanzo, ya ci, ya ce ya fi son sa haka. Amma tafiya ta yi yawa. Yau Mombasa, gobe Moshi, ni ga yara biyu. Da za su birnin Dar ɗaukar sabuwar waƙa, na tsaya a ƙofar can na ce masa ya zaɓa, ko ni ko ƙahon. Na ce in ya hau motar nan, ba zan ƙara buɗe rediyo ba."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce ƙarya nake, ya san ni. Ya hau." Ta ja numfashi. "A hanyar dawowa motarsu ta faɗi. Da ƙahon aka kawo mini shi."

Tunu ta rungume ta tana kuka.

"Bayan nan mata sun zo suna cewa an sa su a rediyo, wai akwai abin da ya kamata in ji. Na ce duk wadda ta ambaci ƙungiyar nan a gidana, ta fita kada ta dawo. Suka yi shiru, har suka mutu da shirunsu. Ni kuwa na cika maganata. Abin da na fi iyawa ke nan."

Shomari yana durƙushe har yanzu, ya rasa inda zai sa kansa. Ya tuna dubban mutanen da ya sa suka murguɗa ƙugu a kan saƙon wani mamaci zuwa ga matarsa.

"Bibi, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Kaset ɗin ya cinye sunan. Na ɗauka Idi yake cewa."

Ba ta dube shi ba.

Tunu ta kawo faifan ne don ya wanke Shomari, ga shi ya tono kabari. Yanzu tsohuwar tana da shaidar da ta fi kowace: makaɗi mijin hanya ne, kuma hanyar ce ta ci nata. Tunu ta hango Juma'a, ta hango motar Hemedi a ƙofar gida.

"Kin ji ko?" in ji Bi Mwanaidi. "Kin ga abin da nake gudar miki?"

"Na gani, Bibi."

"Ba ki gani ba. Ni ma sai yau." Ta share ido da bakin zane. "Tun daga ranar nake cewa mutumin nan ya hau mota bai waiwayo ba. Da wannan na yi takaba, da shi na yi renon ubanki, da shi na tsufa. Ashe ya waiwayo. A gaban ƙasa baki ɗaya ya kira sunana. Ni ce na ba shi baya."

A nan ne ƙauri ya iso.

Hayaƙi yana fita daga ƙarƙashin murfin tukunyar, siriri, yana karkata wajen su. Tunu ta zabura za ta tashi. Tsohuwar ta cafke wuyan hannunta da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Zauna."

"Bibi, shinkafar..."

"Na ji ta. Bar ta. Ya fi son ta haka."

Baffa Mbwana ya yi wani sauti, tsakanin dariya da shessheƙa.

"Mbwana."

"Na'am, Mama."

"Ka aika wa su Hemedi kada su ɓata fetur ɗinsu ranar Juma'a. Ka mayar musu da magana mai daɗi, yaron bai yi mana komai ba sai alheri."

"Haka ne, Mama." Tun da aka haife shi bai taɓa faɗin ta da saurin haka ba.

Sai a lokacin ta juya ta dubi Shomari, daga askinsa har rigar aron da ta yi masa yawa.

"Ban ce na ba ka ba. Manyanka su zo in gan su tukuna, in ji ko su ma da keke za su zo."

"To, Bibi."

"Kuma sunana Mwanaidi. Ba Idi ba. In za ka kira ni a gaban jama'a, ka kira ni da kyau, ka kuma faɗi sunan mai ƙahon. Kombo. Rawar kuma Allah ya shirye su."

"Zan faɗa, Bibi. Kowace Lahadi."

"In za ka yi tafiya, ka yi sallama da ita kuna dariya. Ke kuma, in ya ɓata miki rai, ki zage shi, ki jefe shi da ludayi, amma kada ki kashe rediyo."

Tunu ta riƙa gyaɗa kai, hawaye suna shiga bakinta.

Tsohuwar ta ɗauki maficinta, ta gyara zama, ta fuskanci garmahon kamar wadda ta zauna gaban akwatin da ta sani.

"Kai, yaro. Da ka shigo, me ka ce ne?"

Shomari ya ƙara sunkuyar da kai.

"Shikamoo, Bibi."

"Marahaba," in ji Bi Mwanaidi. "Mayar da allurar baya."

Ya mayar. Faifan ya yi ƙaraf-ƙaraf, jita ta shigo. Maƙwabta suka ji ƙauri suka taru a ƙofa da bokitai, suka leƙo, suka ga mutum huɗu zaune a tsakar gida cikin hayaƙi, wani saurayi yana ihu daga cikin akwati a sauke tukunya, kuma babu wanda ya tashi.